Miliyan Ɗaya da Uku

Jiya rana ta dafa min ƙeya a ƙofar wani ofishi, kuma neman inuwa ne ya kai ni. Tun da iska ta kayar da bishiyar ƙofar gidanmu, Baba ya daina fitowa zaman hantsi. Yana ɗaki shi kaɗai, har ƙafafunsa sun fara kumbura. To sai na ji a rediyo cewa Ranka-ya-daɗe Mai Babbar Kujera, Allah ya ƙara masa kujeru, ya samar da dashen itatuwa miliyan ɗaya da uku, an raba daidai wa daida ga unguwanni goma sha biyu. Na ce bari in je ofishin rabon in karɓo namu.

Maƙwabcina, tsohon malamin lissafi da muke kira Alli, ya ce zai raka ni. Tun a hanya yake ƙunƙuni.

"Lambar nan ba ta rabuwa biyu," in ji shi. "Ba ta rabuwa uku. Ka jera dubu sau dubu, uku za su tsaya a gefe suna kallonka. Kwana biyu ina gwada ta a bayan kalanda. Babu abin da ke raba ta sai ɗaya, sai ita kanta."

Na ce, "Malam, ni guda ɗaya nake so."

Bayan awa uku muka samu ganin akawu, mutum mai fara'a, fanka biyu a kansa. Alli ya gaishe shi da ladabi, ya ce idan aka raba wa unguwa goma sha biyu, kowace za ta samu dubu tamanin da uku da ɗari uku da talatin da uku, bakwai su yi saura. Ina bakwai ɗin?

Akawu ya ce suna cikin fayil.

"To sauran fa?"

"Su ma."

Alli ya gyara tabarau. "Ɗana, hanya biyu ce kawai. Ko mutum miliyan ɗaya da uku kowa ya samu ɗaya, ko mutum ɗaya ya samu duka."

Akawu ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Malam, ni dai ban ji wannan lissafin ba."

Da za mu fita, maigadi da ya ji komai ya yanko min reshe daga shingen ofishin, ya ce in dasa, yana kamawa. Na dasa. Yau Baba ya sa an fito masa da kujera, wai zai yi gadinsa saboda awaki. Inuwar ba ta kai tafin hannu ba, amma ya fito.

Na ji an ce za a kafa kwamiti ya duba ƙorafin Alli. Aikinsa, in ji majiyata, shi ne ya samo wa baɗi lambar da za ta rabu.