Rasuwar Ɗan Tari, Babur Mai Sallama Daga Nesa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da ya rasa warin da ya saba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, har da waɗanda ba ma ga maciji da su, rasuwar babur ɗin maigidana, wanda layinmu ya sani da Ɗan Tari. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a kan kwalbatin gaban kantin mai siminti, bayan shekara talatin da ɗaya a hannunmu. Shekarunsa na kafin nan, wanda ya sayar mana bai faɗi gaskiya ba.

Marigayin ɗan zamanin da ne, lokacin da ake zuba wa abu ƙarfe ba rowa. Tankinsa in ka ƙwanƙwasa, yatsanka ne zai yi kuka. Ya ɗauki maigida da akwatinsa na gyaran keken ɗinki, ya ɗauke ni da cikin auta, ya taɓa ɗauko katifa har da mai katifar. Abincinsa fetur ne da baƙin mai, a kwalba ɗaya ake girgiza masa, kuma ba ya ci shi kaɗai, sai ya raba wa unguwa ta salansa. Shekara talatin sauro bai san hanyar ɗakina ba. Matar mai wanki ta ce shi ke mayar mata da fararen kaya ruwan toka. To, ita dai ba ta rasa abin cewa, kuma ba yau ce ranar tona wanda ya ƙona rigar ango da dutsen guga ba.

Amma halinsa da ba zan manta ba shi ne sallama daga nesa. Tun daga gidan mai zai fara, "tan-tan-tan-tan". In ya hau tudun makaranta ya ƙara da "ƙur-ƙur-ƙurrr". A kwanar mai faci ya yi tari uku, "faf! faf! faf!" Kowa ya san maigida ya hana ni zaman gidajen mutane tun maganar ƙanwarsa da direban nan, wadda ba ni na fara ba, na dai kai ta inda ba ta kai ba. To, a tan-tan na farko nake naɗe zance a gidan ungozoma. A ƙur-ƙur in sa takalmi. Kafin tari na uku ina tsakar gida da tsintsiya a hannu kamar wadda aka dasa a wurin. Ko sau ɗaya marigayin bai tona mini asiri ba. Aminiya ma ba ta yi mini haka ba.

Ciwon ajalinsa daga ofis ya fito. Shekaru ke nan hukuma tana matsa wa hayaƙi, ƙannensa kuma, sabbin babura, kowane ya fito sai ya fi na gabansa shiru da rashin nauyi. Na bayansa ya daina shan mai a haɗe. Na bayan wannan ya zo da rigar roba, ka jingina da shi ka ji ƙas. Na bana ma an ce ko kabireta ba shi da ita, sai bakanike ya jona masa waya ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Sai ga doka, wai kowane babur a kai shi a zura masa wani ƙarfe a salansa a auna numfashinsa. Ran da aka kai Ɗan Tari, mai awon da kansa ya fita waje shan iska. Aka ba maigida sati biyu ya gyara ko ya ajiye.

A nan zan wanke kaina, don na ji abin da ake faɗa a bakin famfo. Matar mai faci ce ta ce mini ta ji mijinta yana cewa baƙin man nan shi ke kawo hayaƙi. Ni kuma na gaya wa maigida ya hana Ɗan Tari man kwana biyu kafin a koma awo, kamar mai jiran gwajin asibiti. Ashe ragowar maganar, wadda ba ta tsaya ta ji ba, ita ce babur ɗin ba ya rayuwa sai da man. Hayaƙi kam ya ɗauke. A hanyar zuwa awon marigayin ya yi "ƙiii", ya yi shiru. Bakanike ya buɗe ya tarar fistin ya manne, irinsa kuma an daina ƙerawa tun yana koyon aiki. Na tabbata da ya kai wurin, da ya ci jarrabawa.

Ya rasu ya bar maigida, da hular kwano mai tsagi, da tabon mai a bakin ƙofa wanda ya gagari sabulu, da ni marainiya. Ya kuma bar magaji, wani jan babur mai sheƙi da babban ɗanmu ya kawo, marar tarbiyya, mai shigowa layi kamar kyanwa. Shekaranjiya ina gidan ungozoma, ina tsakiyar kwatanta yadda maigida ya rungume tankin marigayin yana hawaye, har da murya, sai na ga matan duk sun sunkuyar da kai. Ashe maigida yana tsaye a bayana. Ya rantse in ya sake kama ni, zai rufe shago ya kwaso kekunan ya dawo gyara a tsakar gida, safe da yamma, ni da shi. Jama'a, wanda bai tausaya wa babur ba, ya tausaya mini.

Za a ɗauki gawar gobe da safe a baro zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a ɗora ta a sikeli. Ina roƙon mai sikelin ya faɗi nauyin da ƙarfi, masu na roba su ji. Za a karɓi gaisuwa a gidan ungozoma, don namu ya yi ƙanƙanta. Maigida ya yarda da zaman kwana uku, ni kuma ina nema masa kwana ɗaya a kan kowace shekara da ya yi mana, dattijo ne. Mai zuwa ta zo da labarinta, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Matar mai faci kuma an ajiye mata kujera a bakin ƙofa, fuskarta na kallon titi. Tunda ita ta raba ni da mai tari, in ta hango jan nan, ita za ta yi.