Ranar da Kwamfuta Ta Cinye Jikin Iya Bintu

"...Lafiya lau, amarya. Ya hayaƙi? Ya ƙarfin jiki?"

"Wane jikin? Wanda ka sace?"

Nu'uman ya jingine kekensa a bakin zaure, ya tsuguna gefen murhun banda inda kakarsa, Iya Bintu, take juya tarwaɗa. Da buƙata ya zo, kuma ya san sai ya sha zagi ya ƙoshi kafin ya kai ga faɗinta.

Shi ne mai tace fim na wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Haɗejia. A makon da ya wuce suka ɗauki Iya a matsayin tsohuwa mai tallar kifi cikin kwalekwale. Da yake ta rantse ba za ta hau ruwa ba, sai aka rataya koren ƙyalle a bayanta, don a cire shi a kwamfuta a sa kogi a gurbinsa. Ita kuwa ta fito cikin koriyar atamfarta da koren mayafi. Darakta yana sauri bai kula ba, Nu'uman ma da aka tsaya masa a ka sai ya cire kore ya tura ba tare da ya kalla ba. Kafin la'asar kowace waya a unguwar tana nuna kan Iya Bintu da hannaye biyu riƙe da faifan kifi, suna yawo a kan Kogin Haɗejia, babu gangar jiki.

"Iya, ni ban saci komai ba. Kwamfuta ce ta duba ta ga ƙashi zalla, ta ce wannan ba na nuna wa mutane ba ne."

"Ka ji maye! Mazan kirki suna sai wa matansu zani, nawa mijin ya tuɓe ni har da haƙarƙari. Ina ka kai mini cikina? Tun ranar ko tuwo na ci ba na jin ya sauka ko'ina."

"To ai na rage miki cefane ke nan."

"Cefanen da ka taɓa yi? Kai da ko daddawa ba ka taɓa ajiyewa a gidan nan ba!"

"Laifin atamfarki ne, ranki ya daɗe. Ita na'urar duk abin da ta gani kore, gogewa take yi."

"Duk launin duniya me ya sa sai kore?"

"Saboda babu ɗan Adam mai koriyar fata. Shi ya sa masu fim suka zaɓe shi, don kada a goge mutum tare da bango."

"Kenan in ka ɗauki gonar shinkafar maƙwabcinmu Inuwa, ta tafi?"

"Har kunya-kunya."

"To maza je ka ɗauki ciyawar kacallar nan da ta toshe mana kogi, gwamnati ta ba ka sarauta. Shashasha. Kana da maganin ciyawa a hannu, sai kakarka ka gwada a kai."

Nu'uman ya yi dariya har hayaƙi ya sarƙe shi.

"Wallahi Iya, ke kin ma ci sa'a. A fim ɗinmu na bara akwai wanda aljani ya ɓatar, shi ya ɓace, inuwarsa ta tsaya a ƙasa tana sosa kunne."

"Ƙarya kake, ɗan nema."

"Na rantse. Jinin da kika gani a rigar ɗan fashi kuma zoɓo ne. Da aka daɗe ana ɗauka, ƙudaje suka taru, gawar ta fara lasar baki."

"Ai gawar ta fi ku hankali."

"Tsawa kuwa kwanon rufi muke girgizawa. Karayar ƙashi, rake ake karyawa kusa da abin ɗaukar magana. Ruwan sama, yaro ne a kan katanga da butar ban-ruwa. Rannan ruwan ya ƙare ana tsakiyar kuka, sai ga rabin fuskar jarumi a jiƙe, rabi a bushe."

"Zakin nan fa da ya kori mutanen ƙauye?"

"Kyanwar maƙwabta ce muka kumbura. Ba ki ga igiyar wuyanta ba?"

Iya Bintu ta riƙe haɓa. "Ni kuwa har addu'a na yi wa mutanen nan! Ba a fafe gora ranar tafiya, ku kuwa a kan hanya kuke shuka shi. Kakanka, Allah ya ji ƙansa, babu kore babu shuɗi yake ɓacewa."

"Layar zana gare shi?"

"Ina fa. Da ya ji an ce gobe akwai gayyar yankan shinkafa, ko inuwar ba ya bari."

"Ashe gado na yi."

"Gadon ƙarya dai. Faɗi abin da ya kawo ka, na ga sai murza hula kake."

Nu'uman ya gyara tsugunno. "Darakta ya ce in kawo ki yau kafin rana ta faɗi, cikin kaya masu wani launi, a sake ɗauka. In ba haka ba, ya ce zai nemi wani mai tacewar."

"Ba inda za ni."

"Haba amarya. Ba ke kike kukan jikinki ba? Mayar miki zan yi."

"Riƙe abinka, na yafe. Ka san yaran nan da suke zare mini kifi ta kan katanga? Tun da kaina ya yi yawo a kogi, ko ƙwallonsu ce ta faɗo gidan nan sai su bar mini. A kasuwa kuwa, mata har daga garin Malam Madori suna zuwa duba ko ina da ƙafa. Wata ta mintsine ni a cinya, na ce ta biya kuɗin taɓawa, ta sayi karfasa. Kafin azahar faifaina ya koma fayau. Faɗuwa ta zo daidai da zama, sai yanzu za ka ce in tashi?"

Dariyar Nu'uman ta ɗauke. Aikin nan shi kaɗai ne ya taɓa yi aka kira sunansa a gaban jama'a. Ya dubi inuwar katanga da ta fara miƙewa, ya dubi tsohuwar da ke juya kifinta tana ƴar waƙa. Sai ya miƙe a hankali ya kakkaɓe wando.

"Shi ke nan. Dama darakta ya ce in kin ƙi, a ɗauki Zainaba ta bayan masallaci. Ya ce tana da jar atamfa, kuma fuskarta ta fi cika kyamara."

Cokalin juya kifi ya tsaya cak.

"Wace Zainaba? Mai kifin da ko kyanwar nan taku ba za ta ci ba?"

"Ita fa. Ya ce har a rubuta sunanta a farkon fim."

"A kwalekwalena?"

"Ai babu kwalekwale, Iya, turmi ne kika zauna a kai."

"A turmina, to! Riƙe mini wutar nan. In ka bari ɗaya ya ƙone, kai ma sai na goge ka."

Ta shige ɗaki. Nu'uman ya zauna yana fifita wuta yana cije leɓe. Can sai ga ta ta fito cikin jan zani da jar riga, tana taku ɗaiɗai, amma ta lulluɓe kanta da fuskarta ruf da koren mayafin nan.

"Iya! Mene ne haka kuma?"

"Wancan karon sun ga kai babu jiki," in ji muryar daga cikin mayafi. "Yau su ga jiki babu kai. Kasuwa ai sai da sabon kaya."

Nu'uman ya faɗi zaune, yana dariya yana riƙe ciki. "Na sallama! Wallahi na sallama. A yi na darakta tukuna da farin mayafi, in an gama ni da kaina zan yi miki marar kan, ki nuna wa yaran unguwa."

"Ka rantse."

"Na rantse da igiyar aurenmu."

"Wannan igiyar ai ta fi ta wuyan zakinku ruɓewa." Ta yaye mayafin tana ƙyaƙyatawa, har hawaye. Sai ta zaɓi tarwaɗa mafi girma a kan murhu, ta lalubo wata koriyar leda ta ƙunshe ta tsaf, ta cusa masa a hannu.

"Ungo, maigida. Na sa maka a kore don kada abokanka su gani."