Bilendar Iya Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kicin mai cike da shiru, Iya ta gidan kan kwana take sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da waɗanda suka daina leƙo ta, rasuwar abokiyar zamanta, bilendar markaɗe da aka fi sani da Gurnani. Ta cika ne da hantsi a kan teburin kicin, cikinta cike da tattasai, a hannun matar tela, bayan ta daɗe tana fama da zafin jiki.

Marigayiya ba 'yar babban gida ba ce. Autar Iya ce ta ɗauko ta lokacin hutun ƙarshen shekara, daga cikin kayan nan da ake karya wa farashi, irin waɗanda mutum ke saya in yana so a ce ya yi kyauta aljihunsa kuma bai ji ba. Ranar da aka buɗe kwalin, surukar Iya, matar babban ɗanta, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gindinta da farce, ta ce, "Iya, wannan ko wata guda ba za ta yi ba." Ta yi shekaru. Ba don tonon silili ba, amma tukunyar lantarki mai tsada da ita surukar ta kawo, mai fitila ja da koriya, ta riga ta tafiya da daɗewa. Yau kyanwa ce ke kwana a ciki.

Gurnani ta yi wa layin nan hidima ba ta taɓa tambayar tumatirin wa aka zuba mata ba. Ta markaɗa na mai kirki, ta markaɗa na marar kirki, ta markaɗa na matar da ta ari rariyar Iya tun bara ta ce ɓata ta yi. Aibinta ɗaya ne, ba ta jure aiki. In ta ɗan yi "gurrr, gurrr", sai ka ji "kaf", ta ɗauke, jikinta rau kamar yaro mai haƙori. Dole a zauna a jira ta huce. To, ita mace ina ta taɓa zaman jira baki a rufe? Iya ta sa aka shigo da benci, ta sayi babban fulas na shayi. Kafin rana ta ɗaga, kicin ya cika da robobi da mata.

Wata baiwar kuma da Allah ya yi mata, in tana gurnani sai kowa ya ɗaga murya don a ji shi. Ita kuwa ba ta sallama in za ta ɗauke. Haka wata rana ta yi "kaf", muryar matar direba ta faɗo tsakiyar ɗaki tsirara: "Ai gashin ma ba nata ba ne!" Mai gashin kuwa tana tsaye bakin ƙofa da albasarta a hannu. Matan layi sun ɗauka kunnen Iya ya yi nauyi. Iya ba ta taɓa gyara musu wannan zato ba.

Amma babban alherin marigayiya, wanda ya sa Iya ba ta iya haɗiye abinci tun da abin ya faru, shi ne na bara. Babban ɗanta ya zo da mota, matarsa ta zo da jakunkuna babu komai a ciki, wai za su kwashe Iya su kai ta gidansu na can saman bene, inda taga ba ta kallon kowa, maƙwabci bai san fuskar maƙwabci ba. Wai tsufa ya zo, ba a barin tsohuwa ita kaɗai. Da ya iso sai ya rasa inda zai sa ƙafa saboda tarin takalma a ƙofa. Gurnani na ciki tana aikinta, mata na ta shewa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon takalman nan, sannan ya ce, "Iya, tunda kina da jama'a haka, na bar ki. Amma ranar da na zo na tarar da ke ke kaɗai, ko gardama ba za mu yi ba." Jakunkunan suka koma yadda suka zo. Ran nan Iya da hannunta ta wanke Gurnani da ruwan ɗumi.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙaurin roba. Murfinta ya tsage, aka ɗaure. Muryarta ta dushe. Aka kai ta wurin mai gyaran rediyo, ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce, "Iya, wannan ta ci lokacinta, a riƙa lallaɓa ta." An lallaɓa. Sai ran nan matar tela ta shigo da tattasai da wani labari mai zafi a kan matar mai kantin magani. Don kada na tsakar gida su ji, ta danna maɓalli ta ƙi ɗaga yatsa. Iya ta ce, "'Yar nan, bar ta ta numfasa." Ta ce, "Iya, bari dai in kai ƙarshe." Tana cewa "sai ga mijin ya turo ƙofa", marigayiya ta yi wani siririn kuka da ba a taɓa jin ta yi ba, "iiiii", sannan "tus". Hayaƙi ya tashi. Matar tela ta kwashe tattasanta rabin markaɗe ta fice. Har yau Iya ba ta san abin da mijin ya tarar ba.

Marigayiya ta bar murfi ɗaure da roba, da ƙanwarta butar lantarki wadda ita ma take yoyo, da kakanninta turmi da taɓarya, waɗanda tun farko ba su ƙaunace ta ba. Ta bar benci. Ta bar Iya.

Ashe kuma lokacin kyaututtuka ya sake zagayowa, 'ya'ya sun cika gidajen iyayensu da ƙananan injuna masu araha. Matar direba ta samu na yanka albasa mai igiya. Ma'aikaciyar asibiti ta samu bilendar hannu. Ita kanta matar tela, da ta yi kisan, an ce tata sabuwa tana ƙarƙashin gado tun kafin rasuwar. Yanzu da safe Iya kan ji gurnani ta bayan katanga, kowane gida yana yin nasa shi kaɗai. Takan cika fulas kamar kullum, ta zauna a ƙarshen benci, shayin ya huce. Silifas ɗinta ne kawai a ƙofa.

Shekaranjiya babban ɗan ya bugo waya, ya ce ranar Asabar yana tafe. Ya ce, "Iya, jama'arki suna nan dai?" Iya ta murɗa rediyo ya yi ƙara, ta ce, "Suna nan, har sun ishe ni." Ta bayansa ta jiyo surukarta tana tambayar inda aka ajiye manyan jakunkunan nan.

Saboda haka an shirya sallamar marigayiya kamar haka. Za a mayar da ita kwalinta, a ɗora a saman kabad, ba za a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa ba. Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar tun da sassafe a kicin ɗin Iya. Kowace ta cire takalminta a ƙofa inda za a gani, mai takalmi biyu ta zo da su duka. Mai niyyar kawo magajiya kada ya kawo mai tsada da ke gamawa cikin ƙiftawar ido, a nemo mai ɗaukar zafi. Wadda ta ce aiki ya riƙe ta, ta tuna duk abin da ta faɗa a gaban marigayiya akwai mai kunne a wurin, kuma ita tana raye. Matar tela an yafe mata, amma ta zo da ƙarshen labarin.

Ba sai an zo da tumatir ba, akwai shayi. In kun ji mota ta tsaya a kan kwana, don Allah ku ɗaga murya.