Butar Marigayiya da Ruwan Khal

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya gajiyar ɗaukar kwalabe? Na ga yau ma ba ki zo hannu rabbana ba."

"Ina zan zo wa angona haka? Ga tsarabarka."

Tsohon malamin ya ɗago kai daga littafin da yake nazari, ya dubi kwalbar da jikarsa ta dire a gabansa. Malamar kimiyyar sinadarai ce a makarantar sakandare, kuma tun tana ɗaliba ya laƙaba mata Uwar Kwalabe. Wata bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran kakarta, kuma abin da tsohon ya fi riƙewa cikin kayan marigayiyar shi ne butar ƙarfen da ta shekara arba'in tana dafa masa shayi a ciki. Ruwan rijiyarsu mai zartsi ne, ya bar farin ɓawo mai tauri a cikinta, har bakin ya toshe, ruwa ba ya fita sai da ƙyar.

"Mene ne wannan mai wari kamar hammatar maƙeri?"

"Ruwan khal ne, tsoho, mai tsamin nan da ake sakawa a abinci. Asid ne. Yau zan wanke butar kishiyata."

Ya miƙa hannu ya janyo butar jikinsa. "Asid? Irin wanda ya cinye wa direban layinmu wando? Ashe kishi bai bar ki ba, har da wadda ta riga mu gidan gaskiya!"

"Wancan na batir ne, ɗan ta'adda. Wannan asetik sunansa, mai ladabi, kuma kashi biyar ne kawai cikin ɗari, saura duk ruwa. Da yana cin mutum, da haƙoranka ukun nan zan fara gwadawa a kai."

"Huɗu ne, maƙaryaciya. To ɗan gidan wa ne? Ba na barin baƙo ya shigo mini sai na san asalinsa."

"Danginsu kaboksilik. Duk ɗan gidan yana ɗauke da alama guda: kabon ɗaya, oksijin biyu, haidirojin ɗaya. Tsamin lemon tsami ɗan'uwansa ne, haka tsamin madarar da ta kwana, har da abin da wasu tururuwa ke fesa wa maƙiyi."

"Dangi duk masu tsamin rai. Lalle ta nan kika fito. Kuma ai na san uwarsa, giya ce."

"Ita ce. Iska da wasu ƙananan halittu ne suka juya ta, ta bar maye ta koma tsami. Sai ka yi mini fatawa."

Tsohon ya shafa gemu, domin an taɓo fagensa. "Malaman fiƙihu sun ce idan ta juye da kanta ta zama khal, ta tsarkaka. Wanda ya tuba ba a tuhumarsa da laifin uwarsa."

"To ba ni butar."

Ya daɗe yana riƙe da ita. Sa'an nan ya yi bisimilla, ya miƙa.

Ta ɗumama khal ɗin, ta tsiyaya a ciki. Nan take kumfa ya taso yana shuu, sai tsohon ya zabura.

"Inna lillahi! Tana tafasa ba wuta!"

"Zauna, jarumi. Ɓawon nan irin alli ne. Asid ya ba da haidirojin ɗinsa, allin ya narke, iskar da ke ɗaure a ciki ta samu hanya. Irin iskar da kake fitarwa ce idan kana minshari."

"Ni ba na minshari, zikiri nake yi."

Bayan kamar sa'a guda ta zubar, ta ɗauraye sau uku, ta cika butar da ruwa ta karkata. Ruwa ya fito a miƙe kamar ranar da aka sayo ta. Ta buɗe baki za ta yi masa kirarin nasara, sai ta ji sanyi a ƙafarta. Ɗigo ne, daga gindin butar. Wani ya biyo, wani ya biyo.

Ta ɗaga butar sama, haske ya ratso ta wata 'yar huda kamar ta allura.

"Kaka," ta ce, wasan duk ya fita daga bakinta, "wallahi khal ba ya huda ƙarfe cikin sa'a guda. Ɓawon ne ya toshe ta, ni kuma na cire. Ka yafe mini."

Tsohon ya karɓa, ya kai idonsa kusa. A gefen hudar akwai tsohon tabon ƙuna, baƙi, wanda ɓawo ya lulluɓe shekara da shekaru. Ya tuna safiyar da aka aiko cewa an haifi yarinyar nan. Marigayiya ta fita da takalmi wari guda, ta manta butar a kan wuta har ruwan ya ƙone ƙurmus. Tun daga ranar ba ta yarda kowa ya kankare cikinta ba, shi kuwa bai taɓa tambayar dalili ba.

Ya goge ido da hannun riga. "Allah Ya jiƙanta. Shekara ashirin da shida tana ɓoye mini ɓarnarki. Daina kuka, ba yau kika huda ta ba. Tun ranar da kika zo duniya kika yi aikinki, asid ɗinki shaida kawai ya bayar."

Ta yi dariya cikin hawaye. "Ka yarda ke nan mai ladabi ne?"

"Na yarda, ya fi ki ladabi." Ya ɗora mata butar a tafin hannu, ya rufe da nasa. "Kai wa mai walda ya liƙe, ta zama taki. Amma shayin farko a ɗakin nan za a sha shi, kuma idan na ji tsami, na sake ki."