Ranar da na kai maganin kyankyaso teku

Ko zan manta komai a Jidda, ba zan taɓa mantawa da ranata ta farko a jirgin ruwa ba. Kafin nan aikina feshin kyankyaso ne a gidajen unguwar Bani Malik, har ƙirjina ya fara ciwo. Kawu Bakur, ƙanin mahaifiyata, shi ne direban wani jirgin masu nutso, kuma shi ya tsaya mini aka ɗauke ni gwaji. In na ɓata, sai komawa feshi.

Aikinsu kashe wata halitta ce mai ƙaya da suke kira tauraron teku, wadda ke cinye murjani har ya koma fari fat. Suna nutsawa su yi mata allura. Nawa kawai in loda jarkokin maganin, in cika sirinji.

Da na buɗe jarka na sunsuna, sai na ji khal, wato ruwan tsamin nan na binega. Khal ɗin da ake zubawa a salak! (Ni fa a lokacin gani nake duk abin da za a kashe a ƙasar nan, sai an tambaye ni.) Na ce lallai an cuci bayin Allah. Na tura jarkokin bayan wani shago da ke bakin ruwa, na loda ragowar maganina, irin wanda ke sa ɓera ya yi hijira.

Sai da muka yi nisa, gari ya ɓace, Daktora mai kula da aikin ta ce, "Yalla, a cika." Na miƙe ina murmushi, na ɗaga galan sama don kowa ya gani.

"Daktora, na kawo muku na gaske. Wancan na miya ne."

Ta karanta jikin galan ɗin, ta dube ni, ta dubi Kawu. A hankali ta ce khal tauraron kaɗai yake kashewa, kifi da murjani ba ruwansu. Nawa kuwa, in ya shiga ruwa, har abin da suka zo ceta zai tafi.

"Ina khal ɗin?"

"Yana... bayan shago."

Wallahi kunya ta kama ni. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Kawu ya juya jirgi, muka koma, ni rungume da galan don kada ya zube.

A bakin ruwa na fara tattara kayana. Kawu ya ce, "Ina zuwa? Na roƙe ta, ta ce halas, ya wuce. Amma daga yau, ko gishiri ka gani a jirgin nan, ba kai za ka gyara shi ba."

Ina nan har yanzu, ƙirjina ya warke, ina cika sirinji lafiya lau. Abin da na koya shi ne, in ka shiga wurin da ba ka sani ba, fara tambaya kafin ka taimaka.