Balaraba Mai Cikin Mutum Ɗari Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da Balaraba ba, ko da yake ban taɓa ganinta ba, kuma kamar yadda ya bayyana daga baya, ba a ma taɓa haihuwarta ba.

Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ina ƙaramin malami a ofishin daji na Birnin Gwari. Aikina rubuta sunayen itatuwa da bin masu gandun daji da littafi a hammata. Turancina na firamare ne, amma a garin da yawancin mutane ba su wuce gaisuwa ba, ni ne gwani. Akwai Baturen daji da muke kira Mai Lofe, wanda ke zuwa rangadi daga Zariya. Ya ce in ya dawo bayan damina zai ɗauki tafinta na dindindin, mai bin sa ko'ina, har da keke. Duk garin an san ni za a ba, ni ma har na fara tafiya irin ta masu keke.

Da zai tafi ya miƙo mini wani littafi mai kauri, bangonsa ya yage, ya ce in riƙa karantawa Turancina ya ƙara gogewa. Labarin yaƙi ne tsakanin daulolin taurari, wata babbar daula tana murƙushe ƙanana, wani kwamanda ya yi mata tawaye. Wannan dai na gane. Sauran kuwa, in na fahimci kalma uku a layi sai in cike da abin da ya sawwaƙa.

Kuskurena na farko shi ne da na buɗe baki a rumfar Ɗanjuma tela, inda ake zama bayan la'asar. Kafin mako ya zagayo an ware mini turmi na zama, kullum sai na ba da babi guda.

A littafin akwai wata da kwamandan ke ƙauna fiye da ransa. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, sai na sa mata Balaraba. Ko'ina "ita" ake ce mata: ita ta tsere, ita aka raunata a haƙarƙari, ita kwamanda ya rantse ba zai bari ba ko za a mutu. Na ce matarsa ce mana, wa kuma? Da na iso inda aka ce tana ɗauke da mutum ɗari huɗu a cikinta, na ɗan yi jim (Allah ya gani, zuciyata ta gargaɗe ni), amma na dake na ce ai matan taurari haka suke ɗaukar ciki.

Nan fa ra'ayoyi suka rabu. Ɗanjuma ya tsayar da keken ɗinki ya ce kwamandan nan ba shi da tausayi, mace da irin wannan ciki a kai ta fagen fama? Ardo Buba, wanda ke shigowa daga rugarsa ta wajen Randagi, shi yaƙin ne gaba ɗaya bai gamsar da shi ba.

"Malam, ka ce babu ciyawa a can, babu rafi?"

"Babu, Ardo."

"To, a kan me suke kashe juna? Littafin nan wanda bai taɓa jin ƙishirwa ba ne ya rubuta shi."

Shi kuwa Baba Saje, tsohon sojan da ya yi wa Turawa yaƙin Bama, can ƙetaren teku, kullum sai dai ya gyara zama ya tambaye ni, "Yaya jikin Balaraba yau?" Ni kuma in ba shi amsa da fuskar likita.

Bayan damina Mai Lofe ya dawo. Ranar kasuwa ya biyo ta rumfar, ina bayansa da sabuwar riga, muka tarar ana musu. Ya tambaye ni me ake gardama a kai, na ce littafinsa ne. Mutumin ya yi murna har ya cire lofe daga baki, ya ce in fassara masa ra'ayin kowa.

Ardo ya faɗi nasa, na fassara, Bature ya yi dariya ya ce a ƙasarsu ma akwai masu wannan ƙorafi. Sai Ɗanjuma ya matso.

"Malam, tambaye shi, don Allah, ta sauka lafiya? Kuma wa ya shayar da ɗari huɗun nan?"

Na fassara. Da bakina, da ƙarfi, har da gyaran murya.

Bature ya ce wace ce? Na buɗe littafin na nuna masa sunan. Ya dubi shafin, ya dube ni, kunnuwansa suka yi ja. Sannan a hankali, kamar mai yi wa yaro bayani, ya ce wannan jirgi ne. Jirgin yaƙi na sama. Su a harshensu "ita" suke ce wa jirgi. Ɗari huɗun kuwa sojojin da ke ciki ne. Ya ƙara da cewa, "Gaya musu."

Wallahi na so in ce Bature ya ce ta haihu lafiya, uwa da 'ya'ya suna gaisuwa. Amma ga Baba Saje zaune, yana jin Turancin bariki, ya zuba mini ido. Haka na tsaya tsakiyar kasuwa na yi tafintan tonon asirin kaina, kalma bayan kalma. Ban taɓa yin fassara mai kyau irin ta ranar ba.

Dariyar da aka yi, har masu awon dawa sai da suka bar mudu suka zo. Ardo ne kaɗai bai yi ba, ya ce shi dama bai yarda da littafin ba tun farko. Mai Lofe ya mayar da lofensa ya ce wanda ya aurar da jirgi, in aka ba shi dokar gandun daji ya fassara, Allah kaɗai ya san abin da manoma za su ji. Tafinta dai daga Zariya aka kawo. Keken ma na gan shi, baƙi ne, mai ƙararrawa.

Kwana uku ban fita ba. A na huɗu Baba Saje ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Na fito kaina a ƙasa.

"Baba, ai da ka rufa mini asiri."

"Na rufa maka wata uku, yaro. Jirgin ruwan da ya kai mu Bama ma 'ita' Turawan ke ce masa. Tun ranar farko na gane."

"To, me ya hana ka faɗa mini?"

"Jirgi na gani na gaji. Taka Balarabar ta fi daɗin ji." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Ɗanjuma ya ce a gaya maka turminka na nan. Mutane ba su karɓi ta Bature ba, suna jiran haihuwa."

Na koma, na kuma saukar da ita lafiya, duk ɗari huɗun maza. Har na yi furfura Mijin Balaraba ake kirana a garin. Tun daga lokacin, duk inda na ji Bature ya ce yana son "ta", sai na fara tambaya ko tana da inji kafin in yi masa fatan alheri.