Ranar da Na'ura Ta Manta da Shuka

Da aka ba ni ginin ajujuwan makarantar lakwal a Kwaya, na samo wani shafin intanet mai gwada saurin aikinka da na sauran magina. Na zuba bayanan aikina, ya nuna na tsere wa kowa. Nan kaina ya kumbura. Na nuna wa magajin gari a wayata, na ce, "Ranka ya daɗe, sa ranar buɗewa. Na'ura ba ta ƙarya."

Ya sa rana, har da gayyatar baƙi.

Sai ruwan shuka ya sauka. Da safe na iso wurin gini, ba kowa sai akuya kwance bisa yashi. Magina, lebura, har mai amalanken ruwa, duk sun tafi gona. Ni ɗan manomi, na lissafa komai ban da damina! Ina tsaye mahaifina ya kira: "Injiniya, iri na jiranka." Na tafi.

Ginin ya ƙare lafiya lau, bayan noman fari. Amma har yau, da hadari ya haɗu, sai wani ya ƙwala mini kira: "Injiniya, duba mana, na'ura ta yarda mu shuka?"